Aljani ya ishe ni, bamfaya ba namu ba ne: wa zan haɗa Hindatu da shi?

Ummu Nabila (Agege): Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a bari na gama kafin a fara dariya. Wata uku ke nan ina kokawa da sabon littafi, in rubuta in goge. Yarinyar na same ta tsaf. Sunanta Hindatu, 'yar Zangon Agege, babanta dillalin shanu ne a Oko-Oba, ita kuma tana koyon aikin jinya a can cikin tsibirin Legas, kullum sai ta hau gadar Third Mainland safe da yamma. Saurayin ne ya gagare ni. So nake ya zama ba mutum ba. To amma aljani ya ishe ni wallahi. Duk littafin da ka buɗe a waya, ɗan sarkin aljanu ne fari sol, gashi har kafaɗa, ido shuɗi, gidan zinare a ƙarƙashin teku. Mashayin jinin nan na Turawa da suke kira bamfaya kuwa na gwada shafi biyar, sai na ji kamar na ɗora wa mutum kwat a kan babbar riga. Wace halitta muke da ita da za a iya so, wadda ba a gaji da ita ba?

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam Anti. Ki ba ta Dodo mana. Ga gashi, ga ƙarfi, ga shi babu mai gidan hayan da zai iya ƙara masa kuɗi.

Ummu Nabila (Agege): Kai dai ba ka taɓa barin magana ta huce. Na ce a bari na gama.

Ɗan Mile 12: Ai kin gama, har da alamar tambaya.

Sadiya (Akoka): Anti Ummu ni na ji daɗin tambayar nan, don irin littattafan da nake ci ke nan in an ba mu hutu. Su kansu Turawan sun gaji da bamfaya. Tun da littafin Twilight ya fito a 2005 aka yi ta kwaikwayo har abin ya gundure su, yanzu marubutansu tonon tsofaffin almara suke yi na ƙasashe daban-daban. Bari na ba ki uku da suka tsaya min a rai.

A tsibiran arewacin Sikotilan akwai wadda suke kira selki. A ruwa wata dabba ce mai santsin fata, in ta fito gaɓa sai ta tuɓe fatar kamar zane ta zama mace. Masunci ya sace fatar ya ɓoye, dole ta bi shi gida, ta aure shi, ta haifa masa 'ya'ya, ta yi masa girki shekara da shekaru. Ranar da ɗaya daga cikin yaran ya gano inda aka ɓoye fatar ya nuna mata, ko tukunya ce a kan wuta ba za ta sauke ba, ta tafi ke nan.

A Faransa akwai Melusin, wadda ta yarda ta auri mutum bisa sharaɗi ɗaya: kada ya kuskura ya leƙa ta ranar Asabar. Ya daure ya daure, ran nan ya leƙa ta kafar ƙofa tana wanka, ya ga daga ƙugu zuwa ƙasa macijiya ce.

Sai na Barazil, a kogin Amazon. Wani dolfin ne mai launin hoda, suna ce masa boto. Daren biki sai ya fito cikin fararen kaya, kyakkyawa, gwanin rawa, amma ba ya taɓa cire hula, don a tsakar kansa akwai ramin da yake numfashi da shi. Kafin asuba ya koma ruwa. In yarinya ta yi ciki ba a san uban ba, sai a ce ɗan boto ne.

Abin da na lura, ba kyan su ne yake riƙe mai karatu ba. Kowannensu yana da doka guda da take wuyansa. Fata, ko Asabar, ko hula. Ɗan sarkin aljanun littattafanmu kuwa ba shi da abin da yake tsoro, ba shi da abin da zai rasa, ya ƙyafta ido ya kawo mota. To me za mu zauna muna jira?

Bashir Apapa: Sadiya ai ba sai kin je Faransa ba. Mu da muka tashi da kallon Indiya mun san macijiya tun muna 'yan firamare. A busa sarewa ta fara murɗe-murɗe tana toshe kunne, asiri ya tonu. Ita ma ga dokarta nan.

Sadiya (Akoka): Haka ne Yaya Bashir, na manta da ita. Ta Caina ma akwai farar macijiya da ta auri mai sayar da magani, aka ba ta wata giya ranar biki ta koma siffarta, mijin ya faɗi matacce don tsoro.

Goggo Iya (Agege): Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙin nan. Ummu 'yata, ku yaran yanzu kuna da rijiya a tsakar gida kuna zuwa maƙwabta roƙon ruwa. Ni a Agege aka haife ni, goro ne ya kawo kakana daga Kano a jirgin ƙasa, uwata kuma Bayarabiya ce, saboda haka tatsuniya ta baki biyu na sha.

Ba ku san ta budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba? Duk saurayin da ya zo, sai ƙanwarta ta rikiɗa ta zama ƙuda, ta shiga cikin rigarsa ta duba, ta dawo ta ce Yaya akwai tabo a gadon bayansa, sai a kore shi. Ran nan wani ya zo, ƙuda ya zaga ko'ina babu ko ƙwarzane. Ƙanwar ta ce Yaya, mutumin da ba shi da tabo ko ɗaya ba mutum ba ne, kada ki aure shi. Ta ƙi ji. Aka ɗaura, aka kama hanya. Suna shiga daji ya fara mayar da kayan aro. Ya tsaya gindin wannan itace ya mayar da riga, ya tsaya can ya mayar da santsin fata, ya mayar da haƙora, har aka iso bakin rami ya rage shi kaɗai yadda Allah ya yi shi. Kakata ta wajen uba takan ce maciji ne, wasu su ce Dodo. A wajen uwata kuwa ƙoƙon kai ne tsura yake tsalle.

To ga miji nan in kina so.

Sadiya (Akoka): Goggo wallahi wannan na ƙoƙon kan shi ne Amos Tutuola ya sa a littafinsa na mashayin bammi da ya fito a 1952! Mun karanta shi a aji. Ban taɓa sanin muna da irinsa da Hausa ba.

Goggo Iya (Agege): Shi ma a bakin tsofaffi ya ji.

Ummu Nabila (Agege): Goggo Allah ya ƙara girma. Na san tatsuniyar amma ban taɓa kallon ta ta wannan fuskar ba. Sai dai ita gargaɗi ce ga 'yan mata masu ruwan ido. In na mayar da shi abin so, ai na juya ta kan ƙasa ƙafa sama. Ko da yake… in ya zama shi kansa kunyar ainihinsa yake ji, yana bin bashin fuska, mai fuskar kuma yana matsa masa lamba ya dawo da ita ranar kaza? Akwai wani abu a nan.

Ɗan Mile 12: Anti wannan ai ba almara ba ce, rabin samarin Legas ne. Mota aro, agogo aro, gidan da ya kai ta gaisuwa ma na oga ne da ya yi tafiya.

Maman Sadiq (Idi-Araba): Ni tun ɗazu ina karantawa ina shiru. Ku yi haƙuri zan ɓata muku raha. Ummu, na gode wa Allah da kika ce aljani ya ishe ki, amma ni ba don an gaji da shi ba nake so ki bar shi. Bature yana rubuta bamfaya yana kwana lafiya don ya san babu shi. Mu fa? Aljani yana cikin Alƙur'ani, sura guda sunansa. Kuma abin da littattafan nan suke yi wa ado da turare, a gidajenmu sunansa namijin dare, kuma ba abin daɗi ba ne.

Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, sau uku ana sa rana ana fasawa. Da an kawo kuɗin gaisuwa sai ta tsiri ciwon kai, ta daina cin abinci, ta ce ba ta son ko jin sunan mutumin. Aka ce namijin dare ne. Shekara biyu ɗakinmu warin habbatus sauda da man zaitun yake, har labule ya kama. Wani mai magani da ba zan faɗi sunansa ba ya karɓe wa mahaifiyarmu kuɗin adashinta kaf, ya rufe yarinya da bargo yana tura mata hayaƙi har ta suma, ni na ɗauke ta a keke zuwa asibiti da ƙarfe ɗayan dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yarda akwai aljanu, kuma na yarda akwai ciwon damuwa, har yau ban raba muku wanne ne ya kama ta ba. Abin da na gani da idona shi ne, duk tsawon lokacin nan wayarta cike take da littattafan da aljani yake zuwa wa budurwa cikin dare yana shafa mata gashi yana kishin duk wanda ya kalle ta. Tana karantawa tana kuka. Ban ce su suka jawo ba. Amma ba su taimaka ba.

Ummu Nabila (Agege): Innalillahi. Anti ban san da wannan ba. Yaya jikin nata yanzu?

Maman Sadiq (Idi-Araba): Alhamdulillah, tana ɗakinta a Zariya da ɗanta ɗaya. Ba don a tausaya min na faɗa ba, don ki san su wa suke karanta ki ne.

Hajiya Admin: Allah ya ƙara lafiya, ya tsare gaba. A ci gaba amma a kula da harshe, akwai yara a gidan nan.

Malam Habu (Alaba Rago): Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Maman Sadiq. Bari na ɗan sa baki ta ɓangaren da na sani. Maganar aure tsakanin mutum da aljan ba marubutan waya ne suka fara ta ba, malamai sun tattauna ta tun da daɗewa. Badruddin Ash-Shibli, malamin Hanafiyya da ya rasu a shekara ta 769 bayan Hijira, ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen aljanu mai suna Akamul Marjan, kuma ya ware wa wannan mas'ala babi. Da yawan malamai sun hana, suna kafa hujja da ayar Suratun Nahli da ta ce Allah ya sanya muku matan aure daga jinsinku. An kuma ruwaito cewa mutanen Yaman sun rubuto wa Imamu Malik suna tambaya game da aljanin da ya zo neman auren wata yarinya. Abin da ya sa ya ƙi abin shi ne gudun kada a ga mace da ciki, a tambaye ta waye mijinki, ta ce aljani ne, ɓarna ta yaɗu.

Da Malama Sadiya ta kawo labarin boto sai na yi murmushi, don abin da Imamu Malik ya hango ke nan, ga shi can a wata nahiya ya zama al'ada.

Ni ban ce ƙagaggen labari haramun ne ba, mun tashi da tatsuniya kuma ba ta hana mu sallah ba. Amma in za a ƙaga, a ƙaga abin da kowa ya san ƙage ne. Gizo bai taɓa ruɗa aƙidar kowa ba.

Bashir Apapa: Allah gafarta Malam, to ai in haka ne an rufe ƙofar 'yan bori ma ke nan. Ni da zan ce ta ɗauko Ɗan Galadima. Duk cikin mutanen Jangare, birnin iskokin bori, babu wanda ya dace da littafin soyayya kamarsa: ɗan sarki, ɗan gayu, mai caca, mai kyautar ganin dama, ya tuɓe riga ya ba maroƙi, mata na bin sa. Ga Barhaza Bafulatana, ga Sarkin Rafi mahaukaci. Gidaje goma sha biyu, da auratayya da kishi da riƙon 'ya'ya a tsakaninsu. Wallahi an gama rubuta littafin, kwafa kawai za a yi.

Malam Habu (Alaba Rago): Alhaji Bashir wannan ƙofar ka bar ta a rufe. Waɗannan ana yi musu yanka, ana kiran su da garaya. Ba Gizo ba ne.

Goggo Iya (Agege): Gaskiyar Malam. Ni na ga hawan bori da idona ina yarinya, ba abin wasa ba ne. Kuma kada ku manta Inna tana cikinsu, wadda har yau in ƙafar yaro ta shanye sunanta ake kira. Ummu, kada ki kira sunan da ba ki san mai amsawa ba.

Bashir Apapa: Na janye Goggo, tuba nake. To ga wata. Lokacin da nake jan tanka zuwa Maiduguri, a wajen kwana ana ba mu labarin mutanen da suke rikiɗa kura da dare, har ana cewa akwai ƙauyukan da kowa ya iya. Wannan shi ne namu mutum-kyarkecin. Ki sa shi yana aiki a mayankar Oko-Oba, a ƙarƙashin baban yarinyar. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ɗan Mile 12: Kura?? Yaya Bashir ka taɓa jin warin kura? Waɗanda gardawa suke yawo da su da takunkumi, daga nesa kake toshe hanci. Wace Hindatu ce za ta jingina da kafaɗar wannan? Ga ɗingishi, ga dariya babu dalili.

Ummu Nabila (Agege): Ni abin da ya hana ni kura ba wari ba ne. A unguwarmu rabin maƙwabtana mahauta ne, in na rubuta mahauci yana zama kura, sai na nemi wani gidan hayan. Dama can ana yi musu kallon da bai dace ba wajen neman aure, ba zan ƙara musu ba.

Sadiya (Akoka): To maye fa? In ana neman bamfayan Bahaushe shi ne. Ba jini yake sha ba, kurwa yake kamawa. Ƙanƙara ce a cikinsa, gado ya yi, bai zaɓa ba. Ku duba: saurayi yana son yarinya tsakani da Allah, amma duk lokacin da ya kalle ta kurwarta yake gani, yawunsa yana tsinkewa. Kullum yana yaƙi da kansa. Ta kwanta ciwo, maganin kuma shi ne ya tsallake ta, in ya tsallake ya amsa a gaban jama'a cewa shi maye ne. Anti Ummu wannan in kika rubuta sai an yi kuka.

Ɗan Mile 12: Kurwata kur. Sadiya ki daina wannan zancen da magariba.

Maman Sadiq (Idi-Araba): Labarin ya yi daɗi Sadiya, ba zan ɓoye ba, har tsigar jikina ta tashi. Amma matsalar ɗaya ce da ta aljani, ta ma fi. A wajenmu ba a dukan mutum a titi don an ce bamfaya ne. Maita kuwa ana yi wa tsofaffi rotse a kanta, ana raba aure, ana ƙin zuri'a guda har jikoki. Kowa a gidan nan ya san wani gida a garinsu da ake cewa kada a ci abincinsu.

Sadiya (Akoka): Amma Anti ba shi ya sa ya kamata a rubuta ba? A nuna shi mutum ne mai zuciya? In duk abin da yake da zafi za mu kauce masa, sai mu ƙare da labarin mai kuɗi da 'yar aiki har abada.

Maman Sadiq (Idi-Araba): In za ki rubuta wanda aka yi wa ƙazafin maita, ina bayanki. In za ki rubuta cewa da gaske yana ganin kurwa yana haɗiyar yawu, kin tabbatar wa masu jifa zancensu ke nan, ko da kin sa shi kyakkyawa.

Sadiya (Akoka): Ban gamsu duka ba, amma na ji.

Goggo Iya (Agege): Ku bar mayu. In ƙarami kuke so akwai Zanƙallala, bai fi dunƙulen hannu biyu ba, maciji ne sandarsa, kunamu ne ƙaiminsa, zuma ce hularsa, kurege ne dokinsa, tsuntsaye na bin sa suna yi masa kirari. Dodo ya haɗiye shi ya fito, ya sake haɗiyewa ya fito, har ya fasa masa kai. A wajen dangin uwata kuma akwai egbere, gajere, yana yawo a daji da 'yar tabarmarsa yana kuka dare da rana. Wanda ya ƙwace tabarmar ya jure kukansa kwana bakwai ya yi arziki. Amma waɗannan ba mazan aure ba ne, sai dai abokan ango.

Ni abin da ya ba ni mamaki, kun ce yarinya kullum tana kan gada tana kallon ruwa, amma babu wanda ya ambaci ayu.

Ummu Nabila (Agege): Ayu Goggo? Na man ayu?

Goggo Iya (Agege): Shi fa. Ku man kawai kuka sani a kwalba wajen masu kayan mata. Dabba ce, kuma akwai ta a ruwan nan na Ikko. Ina budurwa an taɓa kawo wata gaɓa a wajen Epe, muka je kallo. Ta fi saniya kauri, fata toka-toka, fuska kamar tsohon da ya yi fushi, 'yan idanu ƙanana suna zubar da ruwa. Abin da ya sa uwata ta ja ni muka bar wurin, nononta a hammata yake, kamar na mutum. Masunta suka ce da ɗanta aka gan ta, ɗan ya tsere.

Sadiya (Akoka): Goggo kin buɗe min kai! Ayu ba kifi ba ne, shayarwa yake, iska yake shaƙa, dole ya riƙa leƙo hanci sama. Ciyawa kaɗai ce abincinsa kusan, kuma a ilimin dabbobi danginsa na kusa giwa ce. Ɗa ɗaya uwar take haifa bayan ta yi kamar shekara da ciki, shi ya sa suke ƙarewa, doka ma ta hana kashe su. Yana Binuwai, yana Neja, yana nan tafkin Legas. Masana da yawa suna ganin shi ne asalin labarin 'yan ruwa da Mami Wata, masunci ya hango abu cikin duhu ya rungume ɗa yana shayarwa.

Anti Ummu ga aikin da zai yi: daga bakin ruwan makarantarmu, da kuma in kina kan gada, ana ganin masu haƙar yashi a kwalekwale. Mutum ya nutse da bokiti ya cika ya taso, ya juye, ya sake komawa, tun safe har kwalekwalen ya kusa nutsewa. Ki sa shi a cikinsu. Kowa ya san shi da daɗewa a ƙasa fiye da kowa, babu wanda ya san dalili. Kuma yashin da yake haƙowa a sayar, da shi ake cike ruwan ana gina gidaje. Gidansu yake rushewa da hannunsa don ya ci abinci.

Bashir Apapa: Kamar yadda aka cike Bar Beach aka yi Eko Atlantic. Mu da muke zuwa hawan doki da sallah a wurin, yanzu ko hanyar ba za ka gane ba.

Ummu Nabila (Agege): Ku tsaya ku tsaya, hannuna rawa yake. Ba ya cin nama, kuma yana neman 'yar dillalin shanu. Surukai su yanka masa rago ya kasa ci. Ba ya iya nisa da ruwa, fatarsa tsagewa take, ita kuma Agege babu ko tafki, sai ya sha gosulo awa uku a danfo, bas ɗin haya, yana zuba wa kansa ruwan leda. Sannan wurin da zan kashe mutane: ana gyaran amarya, gwaggonta ta fito da 'yar kwalba ta ce wannan na gaske ne ba jabu ba, da tsada na saye shi, daga Epe aka kawo. Hindatu ta shafa ba ta sani ba. Ya shigo ya ji ƙamshin uwarsa.

Sadiya (Akoka): Wayyo Allah Anti!!

Ɗan Mile 12: Shi ne ɗan da ya tsere a labarin Goggo ke nan. Kai jama'a. Ni da na shigo tsokana ga ni ina share ido da gefen riga, yarana sun ɗauka albasa ce.

Maman Sadiq (Idi-Araba): Wannan zan karanta. Babu yarinyar da za ta kwana tana jiran ayu ya shigo ta taga.

Malam Habu (Alaba Rago): Ni ma ban ga inda ya taɓa aƙida ba, matuƙar ba a sa ana yi masa yanka ko roƙo ba. Amma Malama Ummu ina da tambaya irin tamu. Kin ce ana gyaran amarya, wato an kai ga aure. Wa ya karɓa masa? Babu dillalin shanun da zai ba da 'yarsa bai aika bincike ba. Ɗan gidan wa ye, wane gari, wa ya san ubansa, a wane masallaci yake sallah. Ko mu da muke mutane, a Legas sai mun kawo wanda ya san mu daga gida kafin a saurare mu. Turawan Malama Sadiya su biyu suke abinsu a daji, mu kuwa soyayyar littafinmu ba ta cika sai an tara maza a ƙofar gida an raba goro da alawa. Kuma in an ɗaura ɗin, mas'alar jinsi da na faɗa ɗazu tana nan ba ta tafi ba.

Ummu Nabila (Agege): Malam ka ɗaure ni da jijiyata. Na yi tunanin wani tsohon masunci a Makoko, unguwar masunta ta kan ruwa, da ya tsince shi cikin kainuwa yana jariri ya raine shi, shi zai tsaya masa. Amma tsohon ya san gaskiya, in an tambaye shi asali ko dai ya yi ƙarya a gaban liman ko ya tona. Maganar jinsi kuma… ko dai ya bar fatar har abada ya zama mutum sosai, ya rasa ruwa, ko kuma auren ba zai ɗauru ba.

Sadiya (Akoka): Kada ya bar fatar Anti. Kullum sai dai baƙo ya yar da nasa kafin a karɓe shi? A bar shi ya koma ruwa, ita kuma kullum ta riƙa neman kujerar gefen taga in za a hau gada.

Maman Sadiq (Idi-Araba): Sadiya kina so masu karatu su cinye ta ɗanya? Mata sun biya kuɗinsu sun bi labari wata biyu, a ƙare babu aure? Ummu ta san abin da ya same ta a littafinta na baya da ta kashe jarumin, kwana uku ta rufe waya.

Ummu Nabila (Agege): Kada ki tuna min Anti, har da masu cewa na dawo musu da kuɗinsu.

Goggo Iya (Agege): A tatsuniya dai ba a zama da su. Ko ta gudo, ko shi ya tafi. Ban taɓa jin wadda aka tsufa tare ba. Amma ke ce mai alƙalami. Abu ɗaya, kada ki yi min shi fari mai dogon hanci. Wanda na gani baƙi ne mai kumatu.

Ummu Nabila (Agege): Baƙi mai kumatu, ƙananan idanu, ba ya sauri, ba ya faɗa. Na rubuta Goggo. Ƙarshen zan bar shi tukuna, na ga inda yaran za su kai ni. Saura suna. Ba na son Ayuba, ya yi arha.

Ɗan Mile 12: Ayuba ɗin dai Anti, tsohon masunci ba zai tsaya wahalar neman suna ba. Ni na tafi, motar Sakkwato ta iso tun ɗazu direba yana ta danna min oda. In kin fara saki a sa ni a shafin kyauta.

Ummu Nabila (Agege): Za ka biya kamar kowa. Sadiya, ranar Asabar in ba ki da lacca ki raka ni bakin ruwan nan, so nake na ga irin bokitin da suke nutsewa da shi da idona.

Sadiya (Akoka): Ki zo da sassafe Anti, kuma kada ki sa takalmin kirki.